Daga Damagaram zuwa bakin Kogin Neva: koyon Ingilishin yanayi da ƙafa

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Damagaram ne, na samu gurbin karatun likita a birnin San Fitasbag na ƙasar Rasha, na iso a watan Satumba. Da Faransanci na yi duk karatuna a gida, a nan kuwa da Ingilishi ake koyar da mu. Kalmomin asibiti ina lallaɓawa da su, amma hirar yau da kullum ta gagare ni, musamman maganar yanayi, wadda ita ce abokan karatuna ke buɗe baki da ita kowace safiya. Makon jiya wayata ta nuna digiri 2 da kalmar "sleet". Na fita da 'yar jaket da takalmin kambas, na dawo sharkaf, na kuma sha ƙasa a bakin titi. Da na ce wa malamarmu "I have cold" sai ta ce in je in ga likita. A watan Mayu kowannenmu zai yi jawabin minti biyar kan birnin da yanayinsa. Ranar Lahadi kaɗai nake da ita, kuɗi kuma ba yawa, har yau ban san komai a garin ba sai ɗakin kwana da aji. Yaya zan yi?

Ɗanka a Rasha

Wa'alaikumus salam, ɗana. Sannu da faɗuwa, Allah Ya kiyaye gaba. Damuwa biyu ka kawo, ta harshe da ta rashin sanin gari, kuma Lahadin nan taka guda ɗaya ta isa ta ɗauke su tare, in ka yarda ka ajiye haddar jerin kalmomi a ɗaki ka fita waje.

Dubi yadda ka san Hausar yanayi. Ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka bambancin yayyafi da marka, ko hadari da lumshi, ko ɗarin hunturu mai fasa leɓe da sanyin damina mai laima. A jikinka ka ji su, a wani wuri, a wata rana, sunan ya manne. Ingilishi ma haka zai shige ka. Sa'arka ɗaya: garin da kake, wanda mutanensa ke kira Piter, yana bakin Mashigin Tekun Finlan, kusan a kan digiri 60 arewa, kuma yanayinsa kan juya sau uku ko huɗu tsakanin safiya da magariba. Duk kalmar da ke cikin ƙamus za ta zo ta same ka a titi kafin Mayu.

Mu fara da abin da ya kai ka ga maganar likita, don Faransancinka ne ya sa maka ƙafa. Bafaranshe yana cewa "j'ai froid", kai kuma ka juya shi kai tsaye. A Ingilishi mai jin sanyi "I am cold" yake cewa. "I have a cold" kuwa mura ce, abin da malamarka ta ji ke nan. Haka "il fait froid" zai ja ka ka ce "it makes cold", alhali daidai shi ne "it is cold". Wannan "it" ɗin ba ya nufin komai, amma jimlar yanayi ba ta tsayuwa sai da shi: "it is raining", "it is windy", "it snowed last night". Kalmar "temps" ta haɗa lokaci da yanayi a Faransanci, Ingilishi ya raba su, "time" daban "weather" daban. Kuma ba a ƙirga "weather", don haka ba a cewa "a good weather", sai "good weather". Abu na ƙarshe a nan shi ne kalmomin da ke tafiya tare kamar tuwo da miya. Ruwa mai yawa "heavy rain" ne, iska mai ƙarfi "strong wind", hazo mai kauri "thick fog". In ka musanya su za a gane ka, amma kunnen mai jarrabawa zai tsaya a kai.

Yanzu "sleet". A bakin Turawan Ingila ruwan sama ne gauraye da dusar ƙanƙara mai narkewa, yana sauka da nauyi, yana manne wa tufa. A bakin Amurkawa kuwa ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne. Wanda ya jiƙa ka na farkon ne, kuma ya fi dusar ƙanƙara busasshiya ta digiri 10 ƙasa da sifili cutarwa, domin ita wannan kakkaɓe ta kake yi, shi kuwa ratsa auduga yake ya kai fata, jiƙaƙƙiyar tufa kuma tana zuƙe ɗumin jiki da sauri. Kuskurenka na biyu shi ne ka karanta babbar lamba ka bar ƙarama. A ƙasan digirin akwai layin "feels like". Idan ma'auni ya ce 2, iska kuma tana gudun mita 10 a daƙiƙa, abin da fatarka za ta ji ya kai wajen 4 ƙasa da sifili. Sunan wannan "wind chill". Lura kuma da ma'aunin iskar: hasashen Rashawa da mita a daƙiƙa yake bayarwa, manhajojin Ingilishi da kilomita ko mil a awa. Ka ninka na Rasha da 3.6, wato mita 15 a daƙiƙa kilomita 54 ke nan a awa. In kuma wata rana wayar ta nuna maka 32 alhali waje ya daskare, ta koma ma'aunin Amurkawa ne, inda 32 ke daidai da sifili.

Kafin Lahadi mai zuwa ka gyara sutura, don wanda haƙoransa ke kaɗawa ba ya koyon komai. Hawa uku ake sawa: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai tare ruwa da iska, mai hula a jikinta. Takalmi ya zama mai kaurin roba da zane a tafinsa, ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya don safa mai kauri ta samu wuri. Matsattsen takalmi yana hana jini gudu, yatsu su ƙage. Lema ba ta daɗewa a Piter, iskar bakin kogi tana juya ta. Wayarka ta zauna a aljihun ciki, sanyi yana cinye batir cikin ɗan lokaci. Ka ɗauki ƙaramin littafi da fensir, domin tawadar biro takan ƙi fita a sanyi.

Fitarka ta farko ta zama tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gorkovskaya. Kana fitowa, tafiya kaɗan, za ka ga masallacin birnin mai shuɗiyar ƙubba da hasumiya biyu, wanda aka buɗe a 1913, aka kuma kwaikwayi ginin Gur-Emir na Samarkand wajen zana ƙubbarsa. Karɓi jadawalin salla a nan, za ka buƙace shi. Daga can ka tsallaka gadar katako zuwa Ganuwar Bitrus da Bulus, wadda a jawabinka za ka kira "Peter and Paul Fortress". A nan Sarki Bitrus na Ɗaya ya kafa birnin a watan Mayun 1703. Shiga harabar kyauta ne, majami'a da ɗakunan tarihi ne ake biya. Ɗaga kai ka dubi tsinin majami'ar, mita 122.5, da siffar mala'ika a ƙololuwarsa. Siffar tana juyawa da iska, ita ce "weather vane". Tsaya ka ji daga ina iskar take, ka rubuta. Ingilishi yana sa wa iska sunan inda ta fito, don haka "westerly wind" daga yamma take zuwa, daga teku. Idan tana ɗan kaɗa gefen mayafi a hankali, "breeze" ce. Idan ta yi shiru sannan ta fizgo ta kusa cire maka hula, wannan fizgar ita ce "gust". "Gale" kuwa babba ce, daga kilomita 62 a awa zuwa sama, ranar da tafiya ma sai da turjiya. Ƙarfe 12 na rana daidai za a harba igwa daga kan katangar, al'adar gari ce ta kullum, kada ka firgita.

Bayan igwar ka bi ta Ƙofar Neva, wadda ke fita bakin kogin. A jikin bangon cikin ƙofar akwai alluna masu layuka da shekaru, kowane layi yana nuna inda ruwa ya kai. Tsaya a gabansu da kyau, don rabin jawabinka yana nan. Ambaliyar 1824 ita ce mafi girma, ruwa ya haura da santimita 421. Ta 1924 ta kai 380, ta 1777 kuma 321. Abin da zai burge mai sauraronka shi ne sanadin: ba yawan ruwan sama ke kawo ambaliyar Piter ba. Neva gajeren kogi ne, kilomita 74 daga Tafkin Ladoga zuwa teku. Idan guguwar kaka ta taso a Tekun Baltik, iskar yamma takan turo ruwan teku cikin mashigin, wanda ke ƙara tsukewa da rashin zurfi yayin da yake kusantar birnin, sai ruwan ya toshe bakin kogin, Neva ta rasa mafita ta hau tituna. Ambaliya ita ce "flood", wannan turowar teku kuma "storm surge". An kammala madatsa mai tsawon kilomita 25 a 2011, ta ratsa tsibirin da garin Kronstadt yake, ana rufe ƙofofinta idan an hango hatsarin. Ka ga a wuri ɗaya ka tashi da kalma shida ko bakwai, kowace da abin da ka gani da idonka.

Wata Lahadin da gari ya tashi dishi-dishi, nufi ƙarshen Tsibirin Vasilyevsky, wurin da ake kira Strelka, inda jajayen ginshiƙai biyu suke. An gina su ne a matsayin fitilun nuna wa jiragen ruwa hanya. Nan ne wurin raba kalmomi uku da Hausa kan tara a cikin hazo. Daga inda kake tsaye zuwa tsinin majami'ar ganuwa bai cika kilomita ɗaya ba. In ka duba ka rasa tsinin sam, "fog" ne, don masu hasashe suna kiran sa haka idan gani ya gaza kilomita ɗaya. In kana hango shi amma kamar ta bayan labule, "mist" ne. Duka biyun ɗigon ruwa ne a cikin iska. Hazon da ka sani na gida, na ƙurar hunturu mai busar da hanci, shi ne "haze", kuma ka ajiye shi don kwatance a jawabinka.

Don kalmomin sararin sama, hau majami'ar Ishaku, "Saint Isaac's Cathedral", wadda aka shekara 40 ana ginawa, daga 1818 zuwa 1858. Matakala 262 ne zuwa barandar da ta zagaye ƙubbar zinariya. Ana biya, amma nuna katinka na ɗalibi a duk inda za ka sayi tikiti, wurare da yawa suna ragewa. Daga sama za ka ga sararin duka. Idan gajimare ya rufe ko'ina fari fat ko toka-toka, babu ko ƙofa, wato gari ya yi lumshi, "overcast" ke nan, kuma ita ce kalmar da za ka fi rubutawa daga Nuwamba zuwa Janairu. In akwai ɓaraka "partly cloudy", in rana tana leƙowa tana komawa "sunny spells", in sama ta washe tas "clear". Ka kula, a hunturun can sama mai washewa alamar tsananin sanyi ce, domin gajimare bargo ne ga ƙasa. Kada hasken rana ta taga ya rinjaye ka ka rage tufa. Da ka sauko, mutum-mutumin Sarki Bitrus bisa doki yana kusa, wanda aka buɗe a 1782. Dutsen da yake kai sunansa Dutsen Tsawa, "Thunder Stone", saboda labarin da ake bayarwa cewa aradu ce ta tsaga shi. Nauyinsa ya wuce tan 1,000, kuma sai da aka jira ƙasa ta daskare sannan aka iya jan sa zuwa gaɓar teku. Ɗaura "thunder" da "lightning" a jikinsa, tsawa da walƙiya, ko da yake sai bazararsu za ka ji su.

Ranar da waje ya ƙi fituwa, shiga Hermitage, gidan tarihin da ke cikin Fadar Hunturu. Ba a buɗewa ranar Litinin. Zaɓi zane biyar masu sararin sama ko teku, ka faɗi yanayin kowane da jimla ɗaya, sannan ka leƙa Neva ta taga ka faɗi na waje.

Maganar ƙanƙara ce nake so ka fi ba wa hankali, don a nan ake karya ƙashi. Hausa kalma ɗaya ta tanada, Ingilishi kusan goma. Mai faɗowa kamar tsakuwa a lokacin hadari, wadda ka sani a gida, "hail" ce. Mai saukowa kamar auduga "snow". Farin da ke kwana a kan gilashin mota da ciyawa da asuba, kamar raɓa ta daskare, "frost". Idan dusar ta fara narkewa, ƙafafu da tayoyi suka tattake ta da gishirin da ake zubawa a titi, ta zama caɓi mai launin toka, wannan "slush" ne. Idan rana ta narkar, dare ya sake daskarar da ruwan ya zama siririn gilashi wanda ba ka gani sai launin kwaltar da ke ƙarƙashinsa, shi ne "black ice", kuma ina kyautata zaton shi ya kayar da kai. Rashawa suna ce masa "gololeditsa", ka riƙe wannan ma, za ka gan shi a saƙon gargaɗin da hukumar agajin gaggawa ke turowa waya. Tafiyarsa da gajeren taku ne, tafin ƙafa duka a ƙasa, hannuwa a waje da aljihu. Sai "icicle", tsinin ƙanƙara mai rataye a bakin rufi. A tsofaffin titunan tsakiyar gari irin su Nevsky, idan ka ga an kewaye gefen hanya da ja-da-farin zare, kauce, ana kakkaɓo su ne daga sama ko ana tsoron faɗowarsu, kuma suna raunata mutane duk shekara. Fi'ilan biyu su ne "freeze" da "thaw", daskarewa da narkewa. Neva takan daskare a farkon hunturu, ta saki wajen Afrilu. Za ka ga mutane suna takawa a kanta, kai dai kada ka bi su. A farkon lokacin da ƙarshensa hukuma kan hana, har da tara. In kana son jimla mai nauyi a jawabinka, tuna cewa a ƙawanyar da aka yi wa birnin a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin yana Leningrad, daga Satumban 1941 zuwa Janairun 1944, a kan daskararren Tafkin Ladoga motoci suka riƙa shigo da abinci.

Ga yadda za ka riƙe abin da ka tsinto. Kalma shida ko bakwai a kowace fita ta isa, kada ka zarce. A littafin ka rubuta kwanan wata, wurin da kake tsaye, kalmar a cikin cikakkiyar jimla, da abin da ta sa ka yi. Misali: "It was drizzling at the fortress, so I put my hood up." Wannan "drizzle" yayyafi ne, "shower" ruwan da ke zuwa ya wuce nan da nan, "downpour" kuma wanda muke cewa kamar da bakin ƙwarya. Tun kana wurin ka ɗauki muryarka na daƙiƙa 30 kana faɗin abin da kake gani. Ka sake duba shafin washegari, da bayan kwana uku, da Lahadi mai zuwa a cikin jirgi. Kowace safiya kuma, kafin ka taɓa waya, leƙa taga ka faɗi yanayin da bakinka, sannan ka buɗe manhajar, wadda ka mayar Ingilishi, ka ga ko kun dace. Abin da ke lalata wannan tsari abu biyu ne: rubuta kalma tsirara ba jimla, da fassara ta zuwa Faransanci, wanda ke mayar da kai cikin tarkon "il fait".

Saurari muryar taka da kunnen mai gyara. Bakin Bahaushe yakan cakuɗa "f" da "p", don haka a "fog" da "frost" ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. A "thaw" da "thunder" kan harshe yana leƙowa tsakanin haƙora, in ba haka ba "thaw" zai fito "saw". Mukan kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, "sleet" ya koma "silit", "slush" ya koma "silash". Ja sautin "s" ɗin kamar huci, ka faɗa kan "l" kai tsaye, sau goma a gaban madubi.

A watan Afrilu za ka tarar an rufe Lambun Bazara, "Summer Garden", don ƙasa ta tsane bayan narkewar ƙanƙara. Wannan ma darasi ne: "damp" ga danshi, "muddy" ga taɓo, "mild" ga ranar da sanyi ya sassauta, "chilly" ga wadda ya ɗan ciza. Zuwa Mayu maɓuɓɓugan fadar Peterhof, da ke bayan gari a bakin teku, sun fara aiki, ba da injin turo ruwa ba, gangarowa yake daga tudu. Jirgin ruwa mai sauri yana zuwa can daga kusa da Hermitage, amma akan soke shi idan iska ta yi ƙarfi, don haka duba layin "gusts" tun da safe. Jirgin ƙasa da bas sun fi araha.

Jawabin naka ka gina shi kan wurare huɗu da ka tsaya da kanka, kowane minti ɗaya, wuri da yanayinsa, sannan minti na biyar ka kwatanta da gida. Kana da abin faɗa da babu wanda ke da shi a ajin: Damagaram tana samun ruwan wajen milimita 400 a shekara, kusan duka cikin wata uku, Piter kuma sama da 600 a warwatse cikin wata goma sha biyu. Ka ƙara da maganar haske. A ƙarshen Disamba rana takan fito wajen ƙarfe 10 ta faɗi kafin 4, yini bai cika awa 6 ba, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a gurguje. A ƙarshen Yuni yini yana kusan awa 19, shafaƙi ba ya ɓacewa har alfijir ya keto, abin da ake kira "White Nights". Kalmominsa "dusk" ga almuru, "dawn" ga asuba, "twilight" ga hasken da ke tsakani. Lokacin isha a waɗannan makonni ka bi jadawalin masallaci. In kuma ka fita kallon yadda ake ɗaga gadojin Neva don jiragen ruwa su wuce a daren bazara, ka san ɓangaren kogin da ɗakinka yake tun kafin ƙarfe 1 na dare, domin daga nan ake fara ɗaga su, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya riga ya tashi aiki, wanda ya makara kuma sai wajen ƙarfe 5 na asuba zai samu hanya sosai. Ko a Yuni ka tafi da rigar tare iska da takardunka na zama a aljihun ciki.